Iccen da ke shekara 40 kafin ya yi ɗiya

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar icce nike so mu yi, kuma iccen ma ba na ƙasarmu ba ne, ba za ka gan shi a Gulbin Maradi ba balle Mayahi ko Dakoro, icce ne da ya fi yawa a ƙasashen sanyi, Faransawa na ce mishi shen, masu turanci kuma ok. Na san wani zai ce mi ya haɗa mu da iccen Turai muna nan muna fama da tsadar hatsi da ruwan da bai zuwa kan lokaci, to ku daure ku bi ni har ƙarshe don maganar gida za ta dawo.

Wanda ke sauraren rediyo zai tuna ranar 15 ga Afrilu 2019 da gobara ta kama babbar majami'ar nan ta birnin Paris, Notre-Dame. Azarar rufinta duka katakon shen ne, wani tun ƙarni na 13 yana nan bai ruɓe ba sai da wuta ta cinye shi cikin dare guda. Da suka tashi gyara sai suka ce da irin wannan iccen za a maida rufin, aka shiga dazuzzukan Faransa aka zaɓo itatuwa sama da 1,000, da yawansu sun shekara 150 zuwa 200, aka sare aka fafe aka ɗora, aka sake buɗe wurin a Disamban 2024. To ku yi lissafi da ni, iccen da ya shekara 200 a yanzu ya fara tsiro ne wajen zamanin da Dan Kasawa ke kafa sarautar Katsina a nan Maradi. Tun lokacin akwai masu kula da dajin nan, suna rage na kusa da shi don ya samu haske ya miƙe sambal, wannan ya tsufa ya mutu wani ya karɓa, shi ma ya mutu wani ya karɓa, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya san inda katakon zai je. Wallahi abin nan ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya.

Ɗan iccen kuwa in ka gan shi sai ka raina shi. Girmansa kamar ɗan aduwa ne, ɓawonsa santsi ruwan ƙasa, da 'yar hula mai kaushi a kansa wadda ke riƙe shi a reshe. Ɗaci gare shi sosai in ba a jiƙa shi an wanke ba, saboda wani sinadari da ke cikinsa, shi ne dai wanda ke cikin bagaruwa da majemanmu ke jeme fata da ita, su ma Turawa da ɓawon shen suka daɗe suna jima. Irin shen ɗin da ya fi yawa a Ingila da Faransa sai ya kai wajen shekara 40 kafin ya fara ɗiya na kirki, ƙarfin haihuwarsa kuwa sai tsakanin shekara 80 da 120, kuma yana iya rayuwa ɗaruruwan shekaru, akwai ma waɗanda ake ƙiyasin sun doshi 1,000. Ke nan wanda ya binne shi yana saurayi in Allah ya ja kwanansa da furfura zai ga ɗiyan farko, sauran kuma na jikoki ne da tattaɓa kunne.

Ba kowace shekara yake zubo ɗiya da yawa ba. Sai ya yi shekara biyu uku yana ba da kaɗan kaɗan, sannan wata shekara duk itatuwan yankin su zubo a tare har ƙasa ta rufe, icce guda ya iya ba da dubbai. Masana sun ce hikimar ita ce a shekarun ƙaranci ɓeraye da kurege da aladen daji ba su samun abin da za su yaɗu da shi sosai, in shekarar yalwa ta zo sai abincin ya fi ƙarfinsu, su ci su ƙoshi su bar saura, cikin sauran nan ne wasu ke tsira. Duk da haka ƙiyasin da aka saba yi shi ne cikin 10,000 guda ɗaya ne ke zama babban icce. Akwai kuma wani tsuntsu dangin hankaka da ke kwasar ɗiyan da kaka yana tashi da su nesa yana binnewa ɗaya ɗaya don ya ci lokacin sanyi, tsuntsu guda yana iya binne dubbai, waɗanda bai koma ya tono ba su ne ke zama daji gobe. Shi cikinsa yake wa tanadi, Allah kuma yana shuka daji da bakinsa. Subhanallah.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai duk cikin labarin iccen nan wani abu ne daban. Ɗan shen ba ya ajiyuwa. Mu nan mun saba ka zaɓi zangarniyar hatsi mai kyau ka rataye ko ka sa a rumbu har damina ta zagayo, bushewar ma ita ce lafiyar irin, to shi in ya bushe ya mutu ke nan, ko ka shuka shi ba abin da zai fito. Dole yana faɗowa ya samu ƙasa mai laima. Kuma in ya samu ba ganye yake farawa da shi ba, saiwa yake fara turawa ƙasa, wani tun da kaka, ya yi watannin sanyi ba a ganin komi a sama, sai yanayi ya fara ɗumi sannan ɗan tsiro ya leƙo. Iccen da ke da wannan jinkirin haihuwa shi ne kuma irinsa bai yarda da jinkirin shuka ba ko kaɗan.

A nan ne nike ganin mun karkatar da haƙuri. Mu Hausawa babu abin da muka fi faɗa kamar sai haƙuri, ka je gaisuwar mutuwa sai haƙuri, ka tambayi ɗan kasuwa ya ciniki sai haƙuri, kuma magana ce mai kyau, Allah da kansa ya ce yana tare da masu haƙuri. Sai dai sau da yawa abin da muke nufi shi ne a naɗe hannu a zauna. Yaro ya gama lakwal ya samu bak ko ma lisans daga jami'a, yana zaune a fada ana dafa shayi daga hantsi har dare, ka ce mishi ya ake ciki ya ce ana haƙuri ana jiran lokaci. Ba zaginsu nike ba, na san babu aiki, na san yadda zuciya ke mutuwa in ka kai takarda wuri goma ba wanda ya kira ka. Amma tambayar da nike yi ita ce mi ka sa a ƙasa da kake jira? Manomin da ya yi binne kafin ruwa yana jira, wanda bai fita gona ba shi ma yana jira, in ka gan su zaune gindin bedi ba ka bambance su, amma ranar da ruwa ya sauka ɗaya ne kaɗai ke da abin dubawa. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, haka ne, amma ai sai da ya ɗora tukunyar ya hura wuta tukuna. Annabi (SAW) ma da wani ya tambaye shi ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya yi tawakkali, ce mishi ya yi ɗaure ta sannan ka yi tawakkali.

Akwai wani labarin na ƙasar Suwidin. A shekarun 1830 hukumarsu ta ga cewa jiragen ruwan yaƙi da katakon shen ake yin su kuma iccen na ƙarewa, sai ta sa aka dasa wajen 300,000 a wani tsibiri mai suna Visingsö. Sai a 1975 masu kula da dajin suka sanar da sojan ruwa cewa itatuwanku sun isa sara. A lokacin kuwa an daɗe da komawa jiragen ƙarfe, ba mai buƙatar katako don yaƙi. Faransa ma haka, tun 1669 ministan sarki Luwi na 14 mai suna Colbert ya kafa dokar dazuzzuka saboda jiragen ruwa. Wasu in suna ba da labaran nan dariya suke, wai an yi wahalar banza. Ni ban ga banza ba ko ɗaya. Dajin yana nan, ana samun katakon gini da na kayan ɗaki, tsuntsaye da dabbobi na rayuwa ciki, mutane na zuwa hutawa. Abin da suka nufa da shi ne bai faru ba, aikin kam bai ɓata ba, Allah ya juya shi inda ya so. Kuma a ganina imani a aikace ke nan, ka yi aikin da kyau da niyya mai kyau, ka yarda cewa ba kai ke da ikon inda amfaninsa zai sauka ba, wataƙila ma ba ka nan.

Addininmu ya riga kowa faɗin wannan. Hadisin Anas ɗan Malik da Imam Ahmad ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce in alƙiyama za ta tsaya alhali ɗayanku na riƙe da ɗan dashen dabino, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya to ya dasa. Ku tsaya ku duba fa, dabino ne, shi ma shekaru yake ɗauka kafin ya yi ɗiya, kuma ga duniya za ta tashi, babu wanda zai ci, babu ko wanda zai zauna inuwarsa, amma aka ce dasa. Ke nan ladar ba ta rataya da ganin sakamako ba. Sai ɗayan hadisin na Bukhari da Muslim, babu musulmin da zai dasa icce ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi face ya zama sadaka gare shi. Duk lokacin da na tuna da 9,999 ɗin nan da ba su zama icce ba sai hadisin nan ya faɗo mini, su ai ba asara suka yi ba, abincin bayin Allah suka zama. Malamar da ta koyar da yara ɗari uku, biyu kaɗai suka zama wani abu, malamin allo da almajiransa suka watse, uwar da ta yi ta tarbiyya ba ta ga yadda take so ba, kada su ƙirga na sama kaɗai.

To yanzu mu dawo gida, don mu mutanen Maradi ba sai mun je Suwidin neman misali ba, duniya ce ma ke zuwa wurinmu kallo. Manyanmu sun san yadda ƙasar nan ta koma bayan farin 1973 da yunwar 1984 wadda ake ce ma El Buhari. Gonaki sun zama fili fetal, iska na kwasar rairayi tana binne shuka har sai an sake shuka sau biyu sau uku, mata na tafiya mai nisa neman iccen girki, a ƙarshe da kara da kashin shanu ake hura wuta. Furoje furoje sun zo da dashen itatuwa, mafi yawa suka mutu. A 1983 wani bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki da mishan ta SIM a nan Maradi, yana kan hanyar ƙauye da dashe a mota ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, sai ya lura cewa 'yan tsirran nan da ake sarewa ana ƙonewa duk shekara lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, kututturan manyan itatuwa ne da aka sare tun tuni, saiwarsu na raye a ƙasa tana ta ƙoƙarin dawowa. Ba dashe ake buƙata ba, a bar su kawai a gyara su. A yunwar 1984 aka haɗa abin da rabon abinci, mutane da yawa suka bar itatuwa don su samu hatsi, da rabon ya ƙare mafi yawa suka sare nasu. Amma wasu ba su sare ba, kuma daga waɗannan 'yan kaɗan ɗin da aka riƙa yi ma dariya ana cewa gonarsu ƙazama ce abin ya bazu, maƙwabci ya ga na maƙwabci, ƙauye ya ga na ƙauye, garuruwa irin su Dan Saga a yankin Agye har suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, yawanci jihohin Maradi da Damagaram. Shi Rinaudo an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, kuma ya cancanta, amma hannun da ya riƙe gatari ya ƙi sara na talakan manomi ne, kuma tsofaffi da yawa za su ce maka kakanninsu ma ba su sarar gawo a gona.

Ina da kawu da ke noma a hanyar Tibiri, ya manyanta ƙwarai amma har yanzu shi ke yin sassaben gonarsa. In ya zo wurin kututturen kalgo ko sabara da ya fito da rassa goma sha, sai ya durƙusa ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi biyu ko uku da suka fi miƙewa da ƙarfi, ya sare sauran, sannan ya ɗebe ƙananan rassan ƙasa har wajen rabin tsawon, kuma daga ƙasa yake sara zuwa sama da lauje mai kaifi don kada ɓawon ya tsage. In ɗan gawo ne sai ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya ɗaura mishi tsumma don mai wucewa ya san da mai shi. Wata rana mun je mun tarar an sare mishi wani gawo da ya daɗe yana reno, ya riga ya wuce tsawon mutum, an zo da dare an yanke an tafi da shi. Raina ya ɓaci sosai, na ce Kawu wannan ai sai a haƙura da shi haka nan, wahalar ta isa. Ya daɗe yana shafa bakin kututturen da hannu, idonsa ya yi ja, sannan ya ce ɗana, wanda ya sare ya tafi da abin da ke sama ne, na ƙasa ya fi ƙarfinsa, jeka ɗauko mini ƙaya. Muka sake kewaye shi. Da damina ta wuce ya fito da sabbin rassa, kuma ya fi saurin girma fiye da na farko don saiwar ta riga ta yi nisa.

Gawo kuwa in ka san shi dole ka so shi. Da damina lokacin da kowane icce ke kore shi sai ya zubar da ganyensa, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya samu rana da taki, da rani kuma da komi ya bushe sai ya yi kore shar ya ba dabbobi inuwa da ɗiya, su kuma su bar taki a gindinsa. Duk manomi ya san zangarniyar gindin gawo daban take.

Sai dai kada in yi maganar nan kamar mai ƙoshi. Akwai wanda in ka ce mishi ya bar icce ya girma zai ce maka yau da mi za a dafa tuwo, kuma gaskiyarsa, matar da ba ta da kuɗɗin gaz ko gawayi ba za ta ciyar da ɗiyanta da wa'azin shekara 40 ba. Abin da ya sa sassaben zamani, wato wannan barin tsirran itatuwa a gona ana gyara su, ya karɓu ai shi ne bai ce ka jira kana jin yunwa ba, rassan da ka rage tun shekarar farko na girki ne, bayan shekara biyu uku kana da na sayarwa da na rufin ɗaki da ganyen dabbobi. Sannan haƙuri yana son adalci a kusa da shi. Shekaru da yawa manomi na ganin icce na gwamnati ne ko da a gonarsa yake, in ya taɓa ma'aikatan gandun daji su ci shi tara, to don mi zai rena abin da ba nashi ba? Sai da aka sassauta wannan mutane suka ji icce nasu ne sannan suka riƙe shi da gaske. Shi ya sa ba ni jin daɗi in na ji ana ce ma wanda aka zalunta yi haƙuri alhali mai faɗin yana da ikon hana zaluncin. Ɓarawon icce a kira shi gaban mai gari, rigimar manomi da makiyayi a zauna a fitar da burtali, wannan bai saɓa ma haƙuri ba ko kaɗan.

Shen dai ba zai yi a ƙasarmu ba, zafinmu da dogon raninmu sun fi ƙarfinsa, kada wani ya wahalar da ɗan uwansa na Faransa da aiko iri. Namu suna nan, gawo, aduwa, magarya, kalgo, kuka, tsamiya, da yawansu ma ba sai ka saya ba suna cikin gonarka a ƙarƙashin ƙasa. Lokacin sassabe in ya zo kafin ka sa wuta ka zagaya tukuna ka ga abin da ya tsiro, wanda ke birni kuma ba shi da gona ƙofar gida ma wuri ce, ruwan alwala kaɗai ya isa ya rayar da dashe guda in an kare shi daga awaki.

Gonar Kawu birni na ta matsowa kusa da ita, maƙwabtansa biyu sun riga sun sayar an yanka tasu filaye, kuma ɗiyansa sun fara maganar su ma a sayar tunda kuɗɗin da ake tayawa ba kaɗan ba ne. Ya ce musu bayan ransa su yi yadda suka ga ya dace ba zai ɗaure su da wasiyya ba, roƙonsa guda dai in za a yanka a gaya ma masu awo su kauce ma manyan gawon nan uku na bakin hanya. Bana ma ya ce in zo in taya shi, akwai sabbin kututture a gefen gabas da yake so mu gyara kafin ruwan farko.